Taku Biyu Tsakanina da Lilo

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, musamman masu goyon fari da masu jiran sa. Tun da na bar sakandare ban rubuta abin da ya wuce saƙon waya ba, don haka a yi haƙuri da ni in na yi ta kewaye. Sunana Saude. Ni mutuniyar wajen Gezawa ce, aure ya kai ni wani ƙauye arewa da Ɗanbatta, inda gidaje ke warwatse cikin gonaki, kowane gida da rumbunsa da 'yar kukarsa. Bara da kaka na yi jinyar ɗana na fari har sati shida, kuma Allah bai yi zan ci gaba da goyonsa ba. Zan faɗi yadda abin ya faro, har da ɓangaren da na daɗe ina ɓoyewa.

Mu uku ne a gidan kafin a haife shi: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Shi maigidan yana saya wa wani Alhaji na Dawanau riɗi da wake, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan. Sai ranar Alhamis da yamma yake dawowa, Asabar ya sake ficewa. Don haka rayuwata kusan duk da Inna ce. Kada wata ta zaci zan kawo ƙarar uwar miji. Inna ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Abu ɗaya take so a duniya fiye da goro, shi ne alkunya.

A wajenmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta zura masa ido. In ya yi kuka sai an ce mata sau biyu, "Ke, ɗauki yaron nan ki ba shi nono," sannan ta taso tana ɓata rai kamar an sa ta aikin wani. Na san 'yan birni dariya suke yi wa wannan. Ni kuwa na iya shi, har ina taƙama. Duk gidan sunan da Inna ta je sai ta ce, "Surukata 'yar boko ce, amma wallahi ta fi mu kunya." In maganar ta dawo kunnena sai in ji kaina ya yi girma.

Sai kuma aka sa wa yaron sunan marigayi mahaifin maigidana. Ke nan Inna ba za ta faɗa ba, sunan mijinta ne, sai ta riƙa ce masa Angona. Ubansa yana ce masa Baba. Ni kuma "yaron nan". Sunan nasa na gaskiya, kafin ciwon nan, sau ɗaya na ji shi, ranar suna, daga bakin maza ta bayan katanga.

Bayan na gama wankan jego a gidanmu na dawo, wata Alhamis sai ga maigidan da wani abu ɗaure a bayan babur. Lilon jarirai ne ya sayo a wajen 'yan gwanjo a birni. Ƙafafunsa na ƙarfe, kujerarsa mai laushi, ba a kwance take ba kuma ba a zaune ba, a kishingiɗe dai. Ana sa masa batir, sai ya riƙa lilo da kansa yana wani ɗan kiɗa mai sanyi, ga 'yan taurari na roba suna reto a sama. Igiyar da ake ɗaure yaro da ita ta tsinke tun a can, sai guntunta. Na nuna masa, ya ce, "Ba komai, ai bai isa mirginawa ba." Ya zauna a tsakar gida yana ta haɗa ƙarafan yana gumi, ko sau ɗaya bai kalli jaririn ba. Shi ma kunyar ce ke ɗawainiya da shi. Ba zai iya ɗaukar ɗansa a gaban uwarsa ba, sai ya sayo abin da zai ɗaukar masa shi.

Kwana uku mata suna shigowa kallo. Ni kam na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Bayan Inna yana ciwo, ba ta iya dogon goyo, ni kuma ba na goya shi sai ita ta ɗora min da hannunta. Yanzu ga inda zan ajiye shi in yi aikina, ina satar kallonsa ta gefen ido. Da na ga kansa yana karkacewa gefe, sai na naɗe ƙaramin tawul na tokare masa ƙeya. Ni na sa tawul ɗin, ba wanda ya ce in sa.

Ranar wata Talata ce, yana da wata biyu da sati biyu, yana ɗan fama da mura. Mata biyar suka zo taya Inna ɓarar gyaɗa, suka baje tabarmi a gindin darbejiyar tsakar gida. A cikinsu akwai Goggo Tabawa, ƙanwar marigayin, tsohuwa mai barkwanci da kaifin baki. Tun da hantsi ta kama ni ina share masa hanci da bakin zanena.

"Iye! 'Yar boko an fara," in ji ta. "Yau share hanci, gobe sai mu ji ana rangaɗa kiran suna."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma kunnuwana sun yi zafi. Na ba shi nono a ɗaki, na fito da shi na sa a lilo nesa kaɗan da tabarmin, na kunna, na shiga madafa ɗora musu tuwon rana.

Talge ya nuna, na fito ɗaukar gari. A nan na gan shi. Ya ɗan zame ƙasa, kansa ya faɗo gaba, haɓarsa ta kwanta a kan ƙirjinsa. Raina bai so kwanciyar nan ba. Na yi taku ɗaya, na yi na biyu. Sai Goggo Tabawa ta ɗago kai daga faifanta ta dube ni, bakinta har ya fara shirin murmushi. Na sunkuya na ɗauki wata ƙwarya da ke ƙasa, kamar dama ita na zo ɗauka, na koma madafa. Na ce a raina barci yake, yanzu wata za ta gyara shi.

Na tuƙa tuwo. Na rufe ya sulala. Na kwashe, na malmala, na jera a kwanuka. Duk wannan lokacin ina jin kiɗan lilon yana tashi.

Muryar Inna na ji tana cewa, "Angon nan nawa yau barci yake kamar wanda ya yi huɗa." Sai na ji ta tashi. Sai na ji salati. Da na fito yana hannunta, hannayensa sun saki, leɓɓansa sun koma kalar toka. Goggo ta watsa masa ruwa, bai motsa ba. Wata ta ruga ta kira Baffa Iro, ƙanin marigayin da ke maƙwabtaka da mu, ya zo da babur. Mu uku muka hau, Inna a tsakiya da yaron, ni a baya. Ko a lokacin nan ban ce a ba ni shi ba.

A ƙaramin asibitin da ke bakin titi muka tarar da wani ma'aikaci, Allah ya saka masa da Aljanna, ko sunansa ban tambaya ba. Ya shimfiɗe shi a tebur, yana danna ƙirjinsa da yatsu biyu yana hura masa iska a baki, har yaron ya yi wani ɗan sauti kamar na jaririyar kyanwa. Ya ce mu wuce babban asibiti maza. A can muka tarar akwai na'urar iskar numfashi amma babu wuta, janareta kuma wai sai an samo mai. Suka rubuta mana takarda zuwa Kano. Baffa Iro ya ɗauki shatar mota, muka isa birni wajen la'asar.

A wajen yankar kati mutumin bai ko ɗago ba, ya ce, "Sunan yaro?" Inna ta dube ni, na dubi ƙasa. Ya sake tambaya da tsawa, ga layi a bayanmu. Mata biyu, uwa da kaka, ɗa yana mutuwa a hannunsu, an rasa mai faɗin sunansa. Sai da Baffa Iro ya kutso ya faɗa. In na tuna wannan wani lokaci dariya kan zo min, sai ta tsaya a wuya.

Satin farko a ɗakin yara masu tsananin ciwo muka yi shi. An sa masa robar iska a hanci, an sa wata siririya da ke kai abinci ciki, an yi masa ƙarin ruwa ta jijiyar kai bayan an aske gefe ɗaya. Ba ya kama nono, sai in tatsa a kofi a zuƙa da sirinji a zuba masa ta robar. A rana ta biyu ya fara jijjiga, hannu ɗaya da ƙafa ɗaya suna karkarwa, ido ya kafe. In an yi allura ta lafa, an jima ta dawo.

Likitan wani saurayi ne mai tabarau, kullum kamar bai yi barci ba. Ya tambayi yadda aka same shi, Inna ta sunkuyar da kanta ta nuna masa. Maganar da ya yi har yau tana kaina.

"Mama, maƙogwaron jariri kamar siririn tiyo yake. In kai ya faɗo gaba, haɓa ta danne ƙirji, sai ya lanƙwashe. Ba shi da ƙarfin ɗaga kai, ba shi da iskar yin kuka. Ana kallon sa ana cewa barci yake. Ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba ta samu iska ba, shi ya kawo jijjigar. Kamar minti nawa ya yi a haka?"

Inna ta ce, "Allah kaɗai ya sani, ɗan nan."

Ni na sani. Ban san minti ba, amma na san tuƙin tuwo ɗaya ne da kwashewa. Na bar likita ya rubuta abin da zai rubuta ya wuce.

Maigidan ya iso a ranar daga wata kasuwa can cikin Jigawa. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya tambayi Inna, "Ya jikin Baba?" Ni ko kallona bai yi ba, ni ma ban kalle shi ba. Na ɗauka haushina yake ji. Daga baya na gane shi ma ɗauka yake ni ke jin haushinsa, tunda shi ya sayo abin. Daga nan aikinsa ya zama karɓar takardar magani, ya fita, ya dawo da leda, ya miƙa, ya koma gindin bishiya wajen maza.

Ɗakin cike yake da mata, amma ban taɓa zama ni kaɗai kamar a nan ba. Kowace uwa tana rungume da nata, tana kiran sa, tana yi masa waƙa, wata tana kuka a fili ba mai hana ta. Ni ina zaune a kan benci hannuwana a cinya, Inna ce a bakin gado. Wata mata da ke gadon kusa da mu, mai kirki, kullum sai ta miƙo mana kunu, ranar nan ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ƙaninki ne?" Na ce mata a'a. Ban iya ƙarasa sauran ba.

Sati na biyu na masu dubiya ne, kowa da maganinsa. Goggo Tabawa ta zo da hayaƙi a ƙulle, ta ce kiɗan nan na lilo shi ya kira mutanen ɓoye, don ba a yi wa jariri kiɗa da tsakar rana a gindin bishiya. Mahaifiyata ta zo daga Gezawa da rubutu a gora, ta ce baki ne, duk garin an zo an kalli yaro a kujerar Turawa, me ake jira. Wani abokin maigidan ya ce a cire shi daga asibiti, wannan ba ciwon likita ba ne, akwai wani malami a wajen Kazaure. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, wasu ma kuɗin motarsu da ƙyar suka haɗa, na gode musu. Amma a cikinsu babu wanda ya zauna kusa da ni ya ce, Saude, ya kike ji. Ana shigowa sai a wuce ni a ce wa Inna, "Ya mai jiki?" Haka tsarin yake, ni ma da haka zan yi wa wata.

Akwai wata babbar nas da ake kira Sista Ladi, doguwa, mai faɗa. Ita ta kama mahaifiyata za ta ɗiga masa rubutun a baki, ta ƙwace gorar. "Hajiya, yaron da ba ya iya haɗiyar yawunsa za ki ɗura wa ruwa? Ki shafa masa a jiki in kina so, Allah yana gani." Mahaifiyata ta yi fushi kwana biyu. Sista Ladi ce kuma ta fara yi min magana a kan kaina. Ta ce, "Ke ce uwar, ko? To me kike yi a benci? Wata tara yana jin muryarki, ita ya sani. Ki riƙa yi masa magana, ki kira sunansa." Na ce to. Inna tana wajen tana ji.

Washegari bayan azahar Inna ta yafa mayafi ta ce za ta bakin ƙofa sayen awara. Na yi mamaki, don Inna ba ta cin awara, cewa take tana kumbura mata ciki. Ta fita, ba ta dawo ba sai da aka kira la'asar. Na matsa bakin gadon, na sa yatsana a tafin hannunsa. Ban san me ake ce wa jariri ba, ban taɓa koya ba. Na ce masa, "Sannu. Ni ce." Sunan ya zo har bakina ya koma.

Kullum sai Inna ta tafi sayen awarar nan. Rana ta huɗu aka aike ni karɓo sakamakon jini, sai na hango ta a bayan ɗakin, zaune a kan dutse a inuwar katanga, ita kaɗai, tana jan carbi. Babu awara a hannunta. Na bi ta wata hanyar don kada ta san na gan ta. Allah ya saka wa Inna da alheri, wannan ba zan manta da shi ba.

A irin wannan lokacin ne Sista Ladi ta same ni ta ce in kwatanta mata lilon. Na kwatanta. Ta lalubo wani hoto a wayarta ta nuna min. Shi ne, har taurarin.

"Wannan ai kamfanin da ya yi shi ya janye shi daga kasuwa," in ji ta. "A can ƙasar da aka yi shi sun ba da sanarwa, duk wanda ya saya ya daina sa yaro, ya mayar musu. Jarirai sun mutu a cikinsa a can ma."

Na ce, "To ya aka yi ya zo nan?"

"Wa ya ce miki duka ake mayarwa? Wani ya kai bola, wani ya bayar sadaka, a ɗaure a dila a turo mana. Mu wa zai sanar da mu? Jariri in zai yi barci, shimfiɗa miƙaƙƙiya yake so, a rigingine, ba matashi, ba tawul. Katifarku ta gida da tabarma sun fi wannan sau dubu."

A nan na fashe da kuka, karo na farko. Na gaya mata na gan shi, na yi taku biyu na koma. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ki saurare ni. Waɗancan matan na can ba su san wata kunyar ɗan fari ba, ido a kan 'ya'yansu suke wuni, kuma ya ci nasu. Abin ne an ƙera shi ba daidai ba." Na ji sanyi kaɗan. Amma ni na san da na ƙarasa takun nan, da wataƙila labarin ya canza, kuma ita ma ba ta ce min ba haka ba ne.

Sati na uku jijjigar ta ragu. Ya buɗe ido, sai dai ba ya bin komai da kallo. Aka cire robar iska. Ranar nan, Inna ta tafi awararta, na sunkuya daidai kunnensa na faɗi sunansa a hankali, kamar mai sata. Yatsunsa suka ɗan matse nawa. Likita ya ce jarirai suna yin haka ko ba a kira su ba. Shi ya san karatunsa, ni kuma na san abin da na ji.

Kafin nan gyaɗar da aka ɓare ranar ta tafi kasuwar Ɗanbatta tun farashi yana ƙasa, akuyar da aka ba ni ta suna ta bi ta, sai babur ɗin maigidan. Magani ɗaya sai an zaga shaguna uku kafin a samu. Hoton kai da aka ce a yi, sai da muka yi sammako kwana biyu muna layi, ranar farko aka ce mai injin bai zo ba. Akwai nas ɗin da in kin kira ta kamar kin zage ta, akwai kuma wadda ta cire kuɗinta ta saya mana sirinji. Duk a ɗaki ɗaya suke aiki.

Sati na huɗu aka sallame mu da robar abinci a hancinsa, aka koya min yadda zan zuba masa nono da magani. Muka dawo gida. Lilon ba ya tsakar gida, ban tambayi inda yake ba. Na shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Yanzu kam ina ɗaukar sa a gaban kowa, ba wanda ya ce uffan, har Goggo Tabawa. Sai dai ɗaukar ta zo a makare. Jikinsa wani lokaci ya saki kamar tsumma, wani lokaci ya sandare, kukansa siriri. Mata suka rage shigowa, ba don mugunta ba, ba su san abin da za su ce ba ne. Sai in wuni ina jin ana sussuka a gidajen maƙwabta, ni da shi a ɗaki.

Kwana tara muka yi. A na goma ya ƙware da yawunsa, zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa yana shiga yana fita. Muka koma Kano, gado ɗaya da wani yaron aka haɗa su don babu wuri. Suka ce ruwa ya shiga huhunsa ya zama limoniya. Aka mayar da robar iska, aka yi ta allurai. Kwana biyar ya yi. Ranar Litinin bayan azahar, yana hannuna, Inna tana zaune a benci inda nake zama da, numfashin ya yi ta nisa da juna har ya tsaya. Sista Ladi ce ta zare robar ta rufe masa ido.

A gida aka yi zaman gaisuwa na kwana uku. Ana cewa Inna, "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." Ni kuma in an tuna da ni a ce, "Ke yarinya ce, Allah zai kawo rayayye." Na amsa da amin. Nonona ya yi ta zuba har sati biyu, ina ɗaure ƙirji da ɗankwali.

Bayan bakwai maigidan ya shigo ɗaki da rana, ya zauna a bakin gado, ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun aurenmu. Ya ce tun satin farko ya farfasa lilon da gatari, ya ƙone ƙyallen, ya jefa ƙarafan a tsohuwar rijiyar bayan gari, don har an fara aikowa a ara wa wata mai jego. Ya ce ya koma wajen mai gwanjon, ya tarar da irinsa guda uku a jere a bakin shago. Ya yi masa bayani, mutumin ya ce, "Allah ya jiƙansa, Malam. Mu dila muke buɗewa, abin da muka gani shi muke sayarwa." Ko ɗaya mai shagon bai ɗauke ba. Maigidan ya ce min, "Ni na kashe shi, Saude." Na ce ba shi ba ne. Amma ban gaya masa nawa ba, na bar shi ya fita da nasa.

Haka na yi ta ɗauke da shi har kaka ta zagayo. Kwanan baya muna zaune da Inna mu biyu a gindin darbejiyar nan, muna ɓarar gyaɗar bana, ba wanda ya gayyaci kowa. Ban shirya ba, sai na ji bakina yana magana.

"Inna, ranar nan na gan shi. Na ga kansa ya faɗo. Na taho zan gyara shi, sai na ji kunya na koma."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Nan take na yi nadamar faɗa.

"Na gan ki," in ji ta. "Na ga kin taho, na ga kin ɗauki ƙwarya kin juya. Wallahi Saude daɗi na ji. Na ce a raina, kai, na yi dacen suruka. Ina ta jin daɗin nan ban waiga na dubi yaron ba."

Shekara guda muna kwana gida ɗaya, muna ci a kwano ɗaya, kowace tana ɓoye wa 'yar uwarta abu ɗaya. Muka yi kuka a nan, gyaɗar tana zube a tsakaninmu, babu wadda ta rarrashi wata.

Ita ce ta ce in rubuta, tunda na yi boko. To ga shi na rubuta. In an kawo miki lilo ko kujerar jariri daga gwanjo, komai kyanta, kada ki bar shi ya yi barci a ciki. In ya yi, ɗauke shi ki shimfiɗe. Kada ki tokare masa kai da komai. In kuma kin ga kwanciyar da ranki bai so ba, ki je, ko garin ne duka ya taru yana kallon ki. Dariyar Goggo Tabawa da na guje wa, da yanzu an manta da ita.

Na karanta wa Inna wannan rubutun tun daga farko, tana gyara min inda na manta. Da na zo nan na ce mata saura layi ɗaya, kuma sai na faɗe shi da ƙarfi. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta ce in faɗa.

Sunan ɗana Haruna.